Sharhi kan shirin haɗa iyaye da makaranta a wata firamare ta Garwa

Shekarar karatu biyu wata ƙungiya mai zaman kanta ta yi tana gudanar da shirin haɗa iyaye da makaranta a firamaren gwamnatin da 'ya'yana ke zuwa a nan Garwa, a arewacin Kamaru, da kuɗin tallafin da ta samo daga ƙasashen waje. Yanzu kuɗin ya ƙare, ma'aikatan sun koma wasu ayyuka, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a auna aikin, domin ingancin shiri irin wannan ba ya bayyana ranar bikin buɗewa, sai bayan masu shi sun tafi an ga abin da ya tsaya da ƙafarsa. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ko na makarantar ba. Ma'aikatan da muka yi hulɗa da su mutane ne masu mutunci waɗanda suka bi tsarin da aka ɗora musu, kuma tsarin ne nake so a duba, tunda kusan iri ɗaya ne da wanda ake kai wa makarantu da dama daga Ngaundare har Kusuri. Ina rubutu a matsayin uba, kuma ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ƙungiyar iyaye da malamai, wadda kowa ke kira APEE.

Hukuncin da na yanke shi ne cewa shirin ya yi amfani na gaske a duk inda ya ɗauke wa iyaye nauyin da ba za su iya ɗauka su kaɗai ba, ya yi rauni a inda ya tsaya kan jawabi da tara sa hannu, sannan ya kauce wa maganar da ta fi damun iyaye, wato kuɗin makaranta da wanda ke da ta cewa a kansa. Idan wani shugaban makaranta ko lawanin unguwa ya nemi shawarata kan ko su karɓi irinsa, zan ce su karɓa, amma su gindaya sharuɗɗa kafin a sa hannu.

Wanda bai san makarantun arewacin Kamaru ba zai iya ɗauka cewa iyaye 'yan kallo ne a cikinsu, alhali su ne ke riƙe da yawancinsu. A watan Fabrairun 2000 Shugaba Paul Biya ya sanar da soke kuɗin shiga firamaren gwamnati, kuma dokar 19 ga Fabrairun 2001 ta tabbatar da hakan, ita ce ma ta tanadi majalisar makaranta wadda wakilan iyaye ke da kujeru a cikinta. Sai dai soke kuɗin bai zo da isassun malamai ba, musamman a jihohin Arewa, Arewa Mai Nisa, Adamawa da Gabas, waɗanda gwamnati da kanta ta ware a matsayin yankunan da ke buƙatar fifiko a harkar ilimi. Giɓin da ya rage iyaye ne suka cike shi. Kowace shekara a watan Satumba uba zai biya kuɗin APEE na kowane yaro, kuma da wannan kuɗin ake biyan waɗanda ake kira malaman iyaye, wato malaman da ba sa cikin albashin gwamnati. Da shi ake gyara benci, a biya mai gadi, a sayi alli kafin ƙunshin kayan aikin da ƙaramar hukuma ke rabawa ya iso. Shirin gyaran ilimi na PAREC, wanda Bankin Duniya ya amince da tallafa masa a 2018, ya sa an ɗauki dubban malamai aiki an kuma raba littattafai kyauta, kuma an ji sauƙin hakan, amma har yau a makarantarmu akwai azuzuwan da idan iyaye suka daina biya babu mai shiga ya koyar.

Shi ya sa jawabin buɗe shirin bai kwanta mini ba, domin an gina shi ne a kan cewa iyaye ba su san darajar ilimi ba, sai an wayar musu da kai. Mutumin da ke cire kuɗi daga cinikin yini ya biya albashin malami ya san darajar ilimi sarai. Abin da ya rasa shi ne hanyar ganin abin da kuɗinsa ke haifarwa. A makarantar allo wannan uban bai taɓa buƙatar a aiko masa da takardar gayyata ba: ya san malamin ɗansa, yana aika kuɗin Laraba, ya san surar da yaro ya kai, kuma idan ya sa shi tilawa bayan isha'i kunnensa zai gaya masa ko karatu na tafiya ko ya tsaya. A makarantar boko kuwa yaro zai dawo da littafi cikin Faransanci da takardar sakamako cike da haruffa, uba ya juya ta ya mayar masa, bai san ko yabo ya kamata ya yi ko faɗa ba. Da masu tsara shirin sun fara daga wannan bambancin, da rabin tarurrukan da aka yi ba a buƙace su ba.

Tarurrukan wayar da kai su ne suka fi cin lokaci, kuma bisa abin da muka gani su ne suka fi cin kuɗi. Yawanci ana sa su ne da hantsi a ranakun aiki, lokacin da ɗan kasuwa ke bakin rumfarsa, ɗan acaɓa ke kan hanya, mace kuma tana tsakiyar girkin rana. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ke wuce digiri 40, an riƙa zaunar da dattawa cikin aji mai rufin kwano har bayan azahar. Mai jawabi zai yi magana da Faransanci yana nuna hotuna a bango, a fassara da Fillanci, wani lokaci wani daga cikinmu ya sake taƙaita wa waɗanda suka fi jin Hausa, ta yadda maganar minti goma takan ci rabin sa'a, kuma kafin a zo lokacin tambayoyi kowa ya gaji. Abin da ake faɗa gaskiya ne, a sa yara makaranta, a bar yarinya ta gama karatu, a duba littafin yaro, amma waɗanda ke zaune suna saurare su ne dama suke yin hakan. Iyayen yaran da ba sa zuwa makaranta ba su zo taron ba, kuma ba a yi tsammanin za su zo ba, tunda gayyatar ma ta hannun 'yan makaranta ake aika ta.

Abin da ya fi yi mana illa shi ne kuɗin mota. A ƙarshen kowane taro ana zagayawa da takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a ɗauki hoto, a ba mutum lemo da 'yar ambulan, ko da gidansa yana jikin katangar makaranta. Na fahimci dalilin: ma'aikatan suna da adadin mahalarta da dole su kai wa masu ba da tallafi, kuma sun ga bai dace a raba talaka da sana'arsa ba tare da an ba shi wani abu ba. Amma kafin zuwan shirin, babban taron APEE na farkon shekara kyauta ake zuwa, har ma kuɗi mutum ke zuwa da shi, kuma a nan ake musu mai zafi kan nawa za a biya da abin da za a yi da shi. Bayan shekara biyu na ambulan, mun kira taro, mutane suka riƙa tambaya tun a bakin ƙofa ko akwai wani abu, da suka ji babu wasu suka juya. Al'adar da aka gina cikin shekaru masu yawa ta raunana cikin ɗan lokaci, kuma babu wani layi a rahoton shirin da zai nuna wannan asarar.

Aikin takardar haihuwa ne ya sa ba zan taɓa cewa shirin banza ne ba. Yaro yana iya shiga ajin SIL, wato ajin farko na firamare, ba tare da takardar haihuwa ba, ya hau aji bayan aji, sai ya kai ajin ƙarshe, CM2, a ce ba za a yi masa rajistar jarrabawar kammala firamare ta CEP ko ta shiga sakandare ba sai da ita. Yaran da ke manyan azuzuwa yanzu an haife su ne a ƙarƙashin dokar 2011, wadda ta ba iyaye ƙayyadadden wa'adi su sanar da haihuwa, kuma idan lokaci ya yi nisa ba a yi ba, sai an bi ta kotu an samo hukuncin da zai maye gurbin sanarwar. Yawancin waɗanda aka haifa a gida, a hannun ungozoma, babu wanda ya kai sunansu ofishin magajin gari. Hanyar kotu kuwa tana buƙatar takardar likita mai ƙiyasta shekarun yaro, da shaidu, da kuɗin tambari, da zirga-zirga tsakanin ofisoshin da uba bai san ƙofarsu ba kuma ba ya jin harshen da ake magana da shi a ciki. Da yawa sukan fara su gaji su bari, yaro ya yi shekara shida a makaranta ya fita hannu rabbana.

A nan ma'aikatan suka nuna sun san aikinsu. Sun bi azuzuwa tare da malamai suka fitar da sunayen yaran da ba su da takarda, suka fara da 'yan azuzuwa biyu na ƙarshe, CM2 da CM1. Sun kawo likita cikin makaranta a rana ɗaya maimakon kowane uba ya nemi nasa, sun nemi lawanin unguwa da jaurawa su tsaya a kan maganar shaidu, sun biya kuɗin da ake biya, sannan suka shirya zaman kotun tafi-da-gidanka inda alƙali ya saurari shari'o'in a jere. A ranar babu wanda aka ba kuɗin mota, amma harabar ta cika tun da sassafe, har da iyayen da ban taɓa gani a makarantar ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mutane suna zuwa inda suka ga amfani. Ƙorafina ɗaya ne a kan wannan sashe: an yi shi a matsayin aikin gaggawa na sau ɗaya a shekara, ba a koya wa kowa daga cikinmu yadda ake haɗa fayil da bin sa har ya fito ba, ga shi kuma kowace shekara sababbin yara marasa takarda suna shigowa ta ƙasa.

Sashe na biyu da ya yi tasiri shi ne na iyaye mata. Shirin ya farfaɗo da irin ƙungiyar uwayen ɗalibai da aka daɗe da sani a makarantun arewa da sunan AME, aka zaɓi mata daga lungunan unguwa, kowace aka ba ta gidajen da za ta kula da su. Duk ranar Jumma'a malami zai ba su sunayen yaran da suka yi fashi a makon, su kuma su shiga gidajen da yamma. Hikimar wannan tsari a fili take ga duk wanda ya san gidajenmu. Malami namiji ko ma'aikacin ƙungiya iyakarsa zaure, zai gaisa da maigida, a gaya masa yarinya ba ta da lafiya, ya yi addu'a ya tafi. Maƙwabciya kuwa za ta yi sallama ta shige har tsakar gida, ta zauna a tabarma tana taya tsinar shinkafa, tana kiran matar gida Yaya ko Inna gwargwadon shekarunsu, kuma kafin ta tashi ta san ainihin dalilin: takalmi ne ya tsinke, ko bashin kuɗin APEE ne ya sa yaro jin kunyar shiga aji, ko an yi haihuwa ana buƙatar mai raino, ko kuma talla ce.

Maganar talla ce ta gwada shirin, domin ita ce wurin da jawabi ba ya aiki ko kaɗan. Matar da ba ta fita, sana'arta ƙosai ko ƙuliƙuli ko dafaffiyar gyaɗa, 'yarta ce ƙafarta zuwa kasuwa, kuma daga wannan cinikin ake yin cefane wata rana, daga shi ake tara kayan ɗakin yarinyar. Wanda ya ce mata ta daina ɗora wa 'yarta talla bai kawo madadi ba, ya ce mata ne ta rufe sana'arta. Matan ƙungiyar ba su faɗi haka ba, domin da yawansu su ma da talla suka tashi. Sun nemi hanyoyin da za su yiwu. Da yake makarantarmu tana karatu kashi biyu, na safe da na rana, sun roƙi shugaban makaranta ya daidaita wa wasu yara lokacin da ba zai ci karo da cinikin gidansu ba. Sun haɗa wasu mata da masu sari waɗanda ke zuwa gida su ɗauki kaya gaba ɗaya, ko da ribar ta ɗan ragu. Sun kafa adashi a tsakaninsu. Ban ce an daina talla a unguwarmu ba, amma na san 'yan matan da suka koma aji ta wannan hanyar kuma suna nan har yanzu. Ɗan jarin da shirin ya yi alkawarin ƙara wa adashin bai iso ba sai cikin shekara ta biyu, kuma mata kaɗan ya isa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne cewa waɗannan matan, da suka yi aikin da ya fi kowane wahala, littafin rubutu da riga mai tambari kawai aka ba su, alhali wanda ya zauna a taro ya saurari jawabi yana tafiya da ambulan. An biya zama, ba a biya tafiya ba.

Game da yara maza kuwa shirin bai yi wani tanadi ba. Iyalan da ke da gonaki a bayan gari da kwarin Binuwai sukan ɗauke yara lokacin dashen masakwa, jim kaɗan bayan buɗe makaranta, sannan kuma lokacin tsinar auduga, kuma jadawalin shirin bai san da waɗannan watannin ba.

Ranar bayanin sakamako ƙaramin abu ce a kasafin shirin, amma ita ce ta taɓa ainihin matsalar da na ambata tun farko. Tun da aka sauya manhajar firamare a 2018, takardar sakamako ta ƙara wahalar karantawa, domin an kasa ta bisa ƙwarewa iri-iri, kuma gefen maki akwai haruffa kamar NA da ECA da A waɗanda ko wanda ya yi boko a da sai an yi masa bayani. Sau ɗaya a zangon karatu aka riƙa kiran iyayen aji ɗaya kawai, malaminsu ya tsaya ya bayyana da Fillanci da Hausa cewa wannan alama tana nufin yaro bai kama ba, wannan yana kan hanya, wannan ya kama. Daga nan kowane uba ko uwa ya zauna da malami na 'yan mintoci, yaro yana gefe, a buɗe littafi a ce ya karanta layi biyu. Na ga uban da a ranar ya fara sanin cewa ɗansa na ajin CE2, wato aji huɗu, ba ya iya haɗa baƙi da wasali, bayan shekara uku yana biyan kuɗi, na kuma ga yadda ya riƙa zuwa makarantar da kansa daga baya ba tare da an kira shi ba. Wasu malamai ba su so abin ba da farko, kuma ina ba su uzuri, domin malamin da ke da yara fiye da yadda benci zai ɗauka ba laifinsa ba ne kaɗai idan wasu ba su iya karatu ba, kuma shirin bai biya su ƙarin lokacin da suka bayar ba.

Saƙonnin waya da aka riƙa turo wa iyaye ba su yi wani amfani ba, domin rubutattu ne da Faransanci, kuma wayar tana hannun uba a kasuwa, ba hannun uwar da ke tare da yaro ba. Saƙon murya da wata malama ta fara aikawa ta WhatsApp da harshen da mutane ke ji, bisa raɗin kanta, ya fi su isa gidaje. Littattafan karatun gida da aka raba suna da kyau da hotuna masu jan hankali, amma an tsara su ne a kan cewa uwa za ta karanta wa ɗanta, kuma a gidaje da yawa yayye ne ke iya hakan, su kuma ba a saka su cikin lissafi ba.

Saura maganar kuɗi. Shirin ya ba makarantar tallafi kai tsaye, aka ce iyaye ne za su zaɓi abin da za a yi da shi. Da muka zauna, abin da mutane suka fi nema shi ne benci, da gyaran rufin ajin da ke yoyo, da rage bashin albashin malaman iyaye. Sai a lokacin aka sanar da mu cewa ƙa'idar masu tallafi ta hana biyan albashi, kuma akwai jerin abubuwan da aka riga aka amince da su waɗanda daga cikinsu za mu zaɓa. Ƙa'idar hana albashi tana da hujja, domin albashin da aka fara biya da kuɗin baƙo yakan tsaya ranar da baƙo ya tafi. Amma ya kamata a faɗa mana iyakar zaɓinmu kafin a tara mu, domin mutumin da aka tambayi ra'ayinsa sannan aka nuna masa an riga an yanke, ba ya sake buɗe baki a taro na gaba. An yi benci kaɗan, an gyara makewayi, an sayi bokitan wanke hannu, kuma duk abubuwa ne masu amfani. Lissafin kuɗin kuwa sama ya tafi, zuwa ofishin ƙungiya da masu tallafi, da rasiɗai da hotuna. Ba a taɓa manna wa iyaye takarda a bango mai nuna nawa ya shigo, nawa aka kashe, nawa ya rage ba, kuma shirin bai nemi kwamitinmu na APEE ya yi hakan da kuɗin da yake karɓa daga hannun iyaye ba, alhali wannan ne tushen yawancin zargi da rashin yarda a makarantunmu.

Wannan ba sabon darasi ba ne. A Uganda an gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kimanin kashi 13 cikin 100 ne kawai na kuɗin da gwamnati ke ware wa makarantu bisa yawan ɗalibai yake isa gare su, kuma bayan an fara buga adadin a jaridu da manna shi a makarantu, abin da ke isa ya haura kashi 80 cikin 100 a 2001. Kusa da mu kuma, a Nijar, an gwada ba kwamitocin makarantu tallafi a jihohin Damagaram da Tawa a shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008, inda aka kwatanta makarantu 500 da suka samu da 500 da ba su samu ba. Iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, yara ƙanana sun ƙara tsayawa, amma sakamakon jarrabawa bai ɗaga ba, fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. Ban yi mamakin wannan ba. Uban da bai yi boko ba yana iya ɗaukar bulo ya gina aji, amma ba zai iya tsare ma'aikacin gwamnati ya tambaye shi inda ya je ranar Litinin ba, sai idan akwai wani mai iko a bayansa. Shirinmu bai gina wannan hanyar ba. Sufeton ilimi ya halarci bikin buɗewa da na rufewa, amma ba a tsara yadda koken iyaye zai isa teburinsa ya dawo da amsa ba, majalisar makarantar da doka ta tanada kuma tana nan a takarda kamar yadda shirin ya same ta.

Da aka zo tantance shirin a ƙarshe, matasa ne suka zo da ƙananan kwamfutoci na hannu, masu ladabi da haƙuri. Sai dai ma'aikatan shirin ne suka zaɓo waɗanda za a yi wa tambayoyi, kuma suna tsaye kusa lokacin da ake yi. Tambayoyin su ne ko mutum ya halarci taro, ko ya gamsu, ko yanzu ya san muhimmancin karatun 'ya mace. Duk wanda ya san kara da kunyar mutanenmu ya san amsar da za a samu, domin ba a kushe kyautar baƙo a gaban idonsa, kuma kowa yana fatan a sake kawo wani shirin. Abubuwan da za su nuna gaskiya suna nan a makarantar ba a duba su ba: rajistar kiran suna ta kafin shirin da ta bayansa, yawan 'yan CM2 da aka yi wa rajistar CEP, sunayen 'yan matan da suka bar aji da waɗanda suka dawo, da kuma a ɗauki yara ba tare da zaɓe ba a ba su ɗan rubutu su karanta. Ba a tambayi malaman iyaye ba, ba a je gidan da ya ƙi tura yaro ba, kuma ba a ware kuɗin da za a dawo bayan shekara a ga abin da ya rage ba, wanda a ganina shi ne awon da ya fi kowane daraja.

Abin da ya rage zuwa yau shi ne wannan. Matan ƙungiyar suna ci gaba da shiga gidaje, ko da yake sun ragu, kuma adashinsu ne ya riƙe su tare. Ranar bayanin sakamako tana nan a azuzuwan malaman da suka ga amfaninta, ta mutu a sauran. Tarurrukan wayar da kai sun tsaya ranar da ambulan ya tsaya. Duk makarantar da za ta karɓi irin wannan shiri, ina ba ta shawara ta nemi a nuna wa iyaye kasafin tun ranar farko da harshen da suke ji, ta ƙi yarda da biyan kuɗin zama, ta nemi a karkatar da wannan kuɗin ga matan da ke bin gidaje da malaman da ke ba da ƙarin lokaci, kuma ta dage a horar da mutum biyu ko uku daga cikin iyaye kan aikin takardar haihuwa kafin ma'aikata su tafi. Mu a namu ɓangaren kwamiti ya amince a manna lissafin kuɗin APEE a ƙofar ofis ƙarshen kowane zango, kuma mun fara rubuta sunayen yara marasa takarda tun daga ajin SIL maimakon a jira CM2. Kuɗin zaman kotu na gaba ne ba mu da shi, kuma mun shirya kai buƙatar gaban magajin gari kafin majalisarsa ta zauna kan kasafin shekara mai zuwa.